Yadda za ka sa manhajar rubutu ta riƙa adana aikinka da kanta

A watan Satumbar 2021, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Sai a watan Disamba aka fara dawo da su. A tsawon lokacin, duk wanda takardunsa ke ajiye a intanet ya rasa hanyar zuwa gare su.

Ga malamin da ke buga tambayoyin jarrabawa, ko ɗalibin da ke koyon haɗa manhaja, akwai kuma fargabar ɗaukewar wuta kafin a adana aiki. Wata tsohuwar manhajar rubutu mai suna Vim na maganin matsalolin biyu.

Bram Moolenaar, ɗan ƙasar Holland, shi ne ya fitar da ita a 1991, ya kuma ci gaba da kula da ita har rasuwarsa a Agustan 2023. Kyauta ce, ba ta buƙatar intanet bayan an sauke ta, kuma tana aiki a tsohuwar kwamfuta, har ma a wayar Android ta cikin manhajar Termux.

Umarni mai jiran lokacinsa

Vim na da wani tsari da ake kira autocmd. Mutum zai rubuta umarni sau ɗaya a fayil ɗin .vimrc, ya bayyana abu uku: lokacin da za a aiwatar, irin fayil ɗin da ya shafa, da aikin da za a yi. Misali:

autocmd InsertLeave *.txt ++nested update

Da zarar mai rubutu ya dakata ya danna Esc, manhajar za ta adana duk wani sabon canji. Ko wuta ta ɗauke, abin da zai salwanta bai wuce wanda aka buga bayan dannawar ƙarshe ba.

Haruffa masu lanƙwasa

Madannan kwamfuta da yawa ba su da ɓ da ɗ da ƙ, alhali “kafa” daban, “ƙafa” daban. Wannan layi na gyara hakan:

autocmd BufWritePre *.txt %s/k'/ƙ/ge

Kafin kowace adanawa, duk inda aka buga k' zai koma ƙ. Babban harafi na buƙatar nasa layin, in ba haka ba sunan Ƙanƙara zai fito rabi gyararre. Kalmar ++nested da ke umarnin farko ita ke ba na biyu damar biyo shi.

Sai dai a kula, umarnin ba ya neman izini. Idan aka sa alamar tauraro kaɗai a madadin *.txt, zai taɓa kowane fayil, har ya ɓata lambobin manhaja. Don haka a fara gwada shi a kan kwafi kafin a sake masa takardun gaske.