SAƘON SULEJA: A SAYO HEDFON DAGA IKKO, AMMA WANE IRI?

A da, in mutumin Suleja ya tafi neman kuɗi Ikko ko Badun ko Fatakwal, abin da 'yan gida kan roƙa a sayo musu shi ne akwatin rediyo, ko rikoda mai cin kaset, ko agogon hannu. Yau saƙo ya sake. Ƙane kan bugo wa wansa waya ya ce, "Yaya, in ka shiga Alaba a sayo mini hedfon mai rufaffen baya, da amfilifayarsa." Yaya kuwa, da yake bai san kan abin ba, sai ya shiga kasuwa ya damƙa wa mai kanti guminsa na wata da watanni, ya ɗauko abin da aka miƙo masa. Wani a dace, wani kuma kaya su isa gida su zama abin ajiya a ƙarƙashin gado. Saboda haka ya kamata duk wanda aka aika ya san abin da zai tambaya tun kafin ya zaro kuɗi.

Me ya sa Suleja?

Masu karatu sun san wannan gari shi ne Abuja ta asali, wadda Abu Ja, ƙanen Sarkin Zazzau Makau, ya kafa a 1828. Bayan dokar da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa a 1976 ta ƙirƙiro sabon babban birnin tarayya, garin ya bar wa birnin sunansa, ya ɗauki Suleja daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Da gwamnati ta tare a Abuja ran 12 ga Disamba 1991, sai ma'aikata da leburori da 'yan kasuwa waɗanda kuɗin hayar birnin ya fi ƙarfinsu suka yi ta kwarara Suleja da Madalla, su kwana nan, da asuba su kama hanya. Gidajen haya suka cika, ɗaki na jingine da ɗaki, bango kuwa ba ya riƙe sirri.

A irin wannan zama, wanda ya kunna sifika da dare ya shiga hakkin maƙwabci, wanda kuma yake son sauraron karatu ko labarai yana fama da ƙarar janareta. Ga kuma samari masu sana'ar sauti: masu ɗaukar tafsiri da azumi, masu haɗa waƙa a ƙananan ɗakunan ɗaukar murya, masu kula da lasifika wajen biki. Duk waɗannan hedfon kayan aiki ne gare su, kamar yadda almakashi yake ga tela.

Rufaffe da buɗaɗɗe

Hedfon babba iri biyu ne. Akwai mai buɗaɗɗen baya, wanda aka yi wa raga a bayan kofin kunne don iska ta ratsa. Kamfanin Sennheiser na Jamus ne ya fara fito da shi a 1968, da samfurin HD 414. Sautinsa yana da sarari, amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: na kusa zai ji abin da ake saurare, mai saurare kuma zai ji duk hayaniyar tsakar gida. Mai rufaffen baya kuwa kofinsa a toshe yake, soso ya zagaye kunne ya manne. Sauti ba ya fita sosai, hayaniya ba ta shiga sosai. Shi ya sa masu ɗaukar murya ba su da zaɓi sai shi, domin in sauti ya tsiyaya daga kunne ya koma cikin makirfo, aiki ya ɓaci.

Rufewar tana da nata wahala. Sauti yakan bugi bangon kofin ya dawo, sai amo ya yi kauri fiye da kima, murya ta dusashe. Yawancin kuɗin da ake biya a kan masu tsada, ladan maganin wannan matsala ne. Sony ya yi MDR-R10 a 1989 da kofin katako. Sennheiser ya rufe bayan HD 820 da gilashi mai lanƙwasa a 2018, ya sa masa kuɗi wajen dala 2,400. Kamfanin Focal na Faransa ya fito da Stellia a 2019 a kan dala 3,000. A 2024, lokacin da dala ta haura naira 1,500, dala 2,400 da aka fara sa wa HD 820 kaɗai ta zarce naira miliyan uku da rabi. Wannan jarin kanti ne guda.

To, amma ba a nan kyau ya tsaya ba. Kamfanin Beyerdynamic na birnin Heilbronn a Jamus, wanda ya fara ƙera hedfon tun 1937, ya fito da DT 770 Pro a 1985. Sony ya fito da MDR-7506 a 1991. Akwai kuma ATH-M50x na Audio-Technica daga Japan. Waɗannan uku da su ake aiki a gidajen rediyo da ɗakunan ɗaukar murya ko'ina a duniya, kuɗinsu kuwa bai kai kashi ɗaya cikin goma na waɗancan ba. Yaron da ke ɗaukar karatu a Suleja, ɗaya daga cikinsu ya ishe shi ya ci abinci shekaru.

Maganar amfilifaya

Nan ne aka fi yin ɓarnar kuɗi. A jikin kwalin kowane hedfon na kirki akwai lamba da ake kira om, watau awon yadda yake tauye wutar da ke shiga cikinsa. Misalinsa kamar tiyo ne: mai faɗi ruwa kaɗan ya ishe shi gudu, matsattse kuwa sai an turo da ƙarfi. ATH-M50x om 38 ne, MDR-7506 om 63, HD 820 om 300. Shi kuwa DT 770 Pro kashi uku ake sayarwa, da mai om 32, da mai 80, da mai 250, kuma kwalayensu sun yi kama da juna ƙwarai. Wanda bai duba ba zai iya ɗauko mai 250 ga yaron da ba shi da kome sai wayar hannu.

Yawancin wayoyin hannu ba sa turo abin da ya wuce bolt ɗaya. Da wannan bolt ɗin, ƙarfin da mai om 250 zai samu wajen kashi ɗaya cikin takwas ne na abin da mai om 32 zai samu. Sai a ƙure ƙara, sauti kuma ya fito siriri, yaro ya ce an sayo masa jabu, alhali kuwa wuta ce ba ta isa ba. Ƙa'idar a taƙaice ita ce: daga om 80 zuwa ƙasa, waya ko kwamfuta takan wadatar, daga 250 zuwa sama, sai da amfilifaya, ko akwatin haɗa sauti irin na masu ɗaukar murya.

Amfilifaya ma tana da nata om a bakin fita. Masana sun daɗe da bin ƙa'idar kada ya wuce kashi ɗaya cikin takwas na hedfon. Watau mai om 32 yana son amfilifayar da nata bai wuce 4 ba. In ya wuce, amo yakan kumbura ya rasa tsari. Masu kwalba a ciki, irin na tsofaffin akwatunan rediyo, da yawansu om ɗinsu yana da yawa, saboda haka sun fi dacewa da hedfon mai 250 ko 300. Ga su da zafi, ga cin wuta.

Sai maganar wutar gari. Lantarkin Nijeriya bolt 230 ne, na Amurka kuwa 120. Kayan gwanjo da aka kwaso daga can, in ba a karanta bayansu ba aka cusa a soket, nan take sai hayaƙi. Bugu da ƙari, wutar da ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi, da ta ƙaramin janareta mai hawa da sauka, duk suna kashe na'ura. Mai amfilifayar tebur ya haɗa da sitabilaiza. Wanda bai da hali, ƙaramar amfilifaya mai batir, ko wadda ake jonawa a kafar cajin waya, ta fi masa kwanciyar hankali, musamman da yake tun daga iPhone 7 a 2016 kamfanoni da yawa suka daina sa kafar hedfon a wayoyinsu.

Waya ba layar sauti ba ce

Wani mai kanti zai fito da waya a cikin akwati mai ƙyalli, ya ce ta azurfa ce, tana buɗe murya. Gaskiyar magana, wayar tagulla mai tsawon mita biyu abin da take tauyewa bai kai om ɗaya ba, wanda ba kome ba ne kusa da 250. Abin dubawa a waya uku ne. Na farko, bakinta ya dace da kafa: akwai ƙarami mai milimita 3.5 na waya da kwamfuta, akwai babba mai 6.35 na amfilifaya, kuma a tabbata mahaɗin da ke mai da ƙarami babba yana cikin kwali. Na biyu, tsawonta ya dace da aiki. Na uku, a san ko tana cirewa. Ta ATH-M50x tana cirewa, in ta tsinke a sayi wata. Ta MDR-7506 a dashe take, sai mai gyaran rediyo ya kama ta da dalma. Galibi waya daga wuyan filogi take mutuwa, wurin da ake lanƙwasawa a aljihu.

Jabu, zafi da ƙura

Samfurin da ya yi suna shi ake kwaikwayo. In an faɗi kuɗin da bai kai rabin na sauran kantuna ba, a tuna araha ba ta ado. Mai saye ya tafi da wayarsa da karatu ko waƙar da kunnensa ya saba da ita, ya gwada kunnen dama da na hagu, ya murɗa wayar a hankali ya ji ko sauti na yankewa, sa'an nan ya karɓi rasit mai sunan kanti. Ya kuma tambaya ko ana samun soson canji, domin zufar bazara tana sa fatar roba ta ɓare, kuma da zarar soso ya lotse, rufewar ta tafi, amo ya bi ta. Da hunturu a riƙa sa shi cikin jaka saboda ƙura.

Kunne ba ya da na canji

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin raunin ji saboda sauraro da ƙara. Awon da ta bayar ga baligi shi ne desibel 80 na sa'a 40 a mako. In ƙara ta kai desibel 90, sa'a 4 kacal ke nan a mako. Gashin ji da ke can cikin kunne in ya mutu ba ya sake tsirowa. Alamar farko ita ce kunne ya riƙa ƙugi bayan an cire hedfon. Amfanin mai rufaffen baya shi ne yana tare hayaniya har mutum ya ji da kyau ba tare da ya ƙure ba, amma in an haɗa shi da amfilifaya mai ƙarfi aka murɗe ta, ɓarnar ta fi ta sifika sauri. Haka kuma bai halatta ga mai acaɓa ko mai tsallaka titin Kaduna zuwa Abuja ya toshe kunnensa da shi ba, don wanda bai ji odar tirela ba ya sayar da ransa.

Saboda haka in saƙo ya zo daga gida, Yaya ya fara tambayar ƙanensa abu uku: wane aiki za a yi da shi, a jikin wace na'ura za a jona, kuma yaya wuta take a unguwarsu. Amsar waɗannan ita za ta nuna om nawa za a saya, da ko akwai bukatar amfilifaya. Abin da ya yi saura daga kuɗin wayar azurfa, a aika wa Inna ta yi cefane. Allah Ya sa a yi sayayya lafiya, Ya kai kaya gida lafiya.