Rarraba Shara Tun Daga Gida: Bayani Ga Jama'ar Bebeji, Kiru, Tudun Wada Da Doguwa

A da, sharar gida toka ce da kashin dabbobi da ɓawon hatsi, wanda manomi kan kwashe da rani ya kai gona a matsayin taki. A yau leda da roba da batir sun shiga cikin juji, kuma duk abin da ya shiga juji, gona zai tafi. Saboda haka muke kira ga magidanta su raba shara gida huɗu tun kafin ta fita ƙofar gida.

Kashi na farko shi ne abin da ke ruɓewa: ragowar abinci, toka, ganye, ƙaiƙayi da kashin dabbobi. A tara su a rami guda, a riƙa juyawa, har su zama taki.

Kashi na biyu shi ne abin da 'yan gwangwan ke saye: ƙarfe, tsofaffin tukwanen alminiyam, gwangwani, robobin ruwa da fasassun bokitai. A ɗauraye su, a shanya, a ware kowane iri a buhunsa, domin mai saye bisa sikeli yake aunawa, kuma kayan da aka cakuɗa ba su da daraja kamar waɗanda aka ware.

Kashi na uku shi ne leda. Akuya ko saniya da ta haɗiye leda ba ta iya narkar da ita. Takan taru a tumbi, dabbar ta rame, wani lokaci ta mutu. Leda kuma na toshe magudanan ruwa da damina. A ƙulle ta a buhu, a kai wurin da ƙaramar hukuma ta keɓe. Kada a ƙona ta a tsakar gida, domin hayaƙinta na cutar da huhu.

Kashi na huɗu shi ne mai haɗari: batir, fasassun kwalabe, allurai da robobin maganin feshi. Batirin mota da na babur na ɗauke da dalma, guba ce ga ƙwaƙwalwar yara. Robar maganin feshi kuwa a ɗauraye ta sau uku, a zuba ruwan a tankin feshi, a huda ta domin kada wani ya zuba mai ko ruwan sha a ciki.

Lamarin ya wuce gida ɗaya. Ruwan da ke gangarowa daga sassan Doguwa da Tudun Wada yana shiga Kogin Kano, ya taru a madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974, wadda manoman rani na Kadawa da Kura suka dogara da ita.

Muna roƙon hakimai da dagatai da masu unguwanni su haɗa kai da jami'an duba-gari wajen keɓe wuraren zuba shara nesa da rijiyoyi da rafuka, musamman a kasuwanni irin ta Kwanar Dangora, su kuma yi amfani da ranar tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata wajen wayar da kan jama'a.