Daga Safo Zuwa Dutsen Dala: Abin da Ke Raya Tsohon Gari

Mutumin kwarin Gulbin Maraɗi bai saba da hawan dutse ba. Ƙasarmu ta Safo fadama ce da jigawa, ido yana tafiya har inda gawo da kuka suka tare shi. Ba mu kuma saba da tsohon gini ba. Maraɗin da kakanninmu suka sani a cikin kwari take, ambaliyar 1945 ta cinye ta, aka hau tudu aka yanka sababbin unguwanni da miƙaƙƙun tituna. Wanda aka haifa bayan wannan shekara ya gaji sarauta da kirari da labarin sarakunanmu Ɗan Kasawa da Ɗan Baskore, amma bai gaji lungunan da suka taka ba. Shi ya sa ya kamata ɗan wannan yanki, ko sau ɗaya a rayuwarsa, ya je Kano ya hau Dutsen Dala, ya ga yadda garin Hausa yake idan ya shekara dubu bai gusa daga inda aka kafa shi ba.

Hanyar sananniya ce: daga Maraɗi a bi ta Ɗan Isa, a tsallaka iyaka zuwa Jibiya, a shiga Katsina. A nan matafiyi ya ɗan yada zango, domin daga wannan birni gidan sarautarmu ya fito bayan masu jihadi sun ci shi a 1807, har yau kuwa Sarkin Katsina muke ce wa mai mulkin Maraɗi. Hasumiyar Gobarau, mai tsawon mita 15, wadda ake danganta asalinta da ƙarni na 15, tana nan tsaye da jar ƙasarta. Daga nan sai Kano, a shiga ta wajen Dawanau.

Dala ba wani dogon dutse ba ne. Ƙololuwarsa mita 534 ce daga doron teku, amma daga gindinsa ko dattijo yana iya hawa ta matakalar da aka yi masa, yana yi yana hutawa. Jan marmara ne mai faffaɗan kai, kuma babu wani tsohon gini da ya saura a samansa. Abin da ake hawa dominsa shi ne kallon birni. Ta yamma ga Goron Dutse. Can kudu ga hasumiyoyin babban masallaci da Gidan Rumfa, tsakani kuma rufin kasuwar Kurmi da lunguna masu lanƙwasa waɗanda ba a tsara su domin mota ba. A nan ne Bajamushen nan Heinrich Barth ya tsaya a 1851 ya zana hoton garin, ya ƙiyasta mazaunansa 30,000. A lokacinsa akwai gonaki da kududdufai masu faɗi a cikin ganuwa. Yau gidaje sun cika ko'ina, har sun fara hawa gindin dutsen.

Ƙarfe da ruwa da tsaro

Abu uku suka tara mutane a nan tun farko. Marmarar Dala tana da tama, kuma masu binciken kufai sun gano wurin narkar da ita kusa da dutsen, wanda shekarunsa suka koma har ƙarni na 7. Ga rafin Jakara da fadamarsa. Ga tudun da mai gadi zai hango ƙurar mahara tun daga nesa. Littafin Tarihin Kano ya ƙara na huɗu: ya ce a kan dutsen Barbushe, shugaban mutanen wurin, yake zaune, ba ya saukowa sai lokacin buki, ya shiga wurin abin bautarsu Tsumburbura, ya fito ya faɗa wa jama'a abin da shekara za ta zo da shi. Duk wanda ya ji labarin buɗin dajin Anna, masu addinin gargajiya, a bakin tsofaffin kwarin Gulbi zai gane wannan duniyar. Masanin tarihi Abdullahi Smith ya ja hankali ga cewa da yawa daga tsofaffin matsugunan Hausa a gindin irin waɗannan duwatsu suka tsiro. Kufena da Turunku a ƙasar Zazzau, da Kwatarkwashi a Zamfara, duk shaida ce.

Bisa lissafin wannan littafi, Bagauda ya fara mulki a 999. Jikansa Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa, wadda Kanawa suke kira badala, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa. A zamanin Yaji, tsakanin 1349 da 1385, malaman Wangarawa suka zo daga Mali, Musulunci ya shiga fada. Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ganuwa, ya gina fadar da ake kira da sunansa, ya kafa kasuwar Kurmi, ya karɓi baƙuncin Shaihu Magili. Lokacin da sojojin Ingila suka iso a watan Fabrairu 1903, sun tarar da bangon da tsayinsa ya haura mita 10 a wurare da dama, ga gwalalo a bayansa.

Abin lura shi ne, wannan bango na ƙasa ne. Babu siminti, babu rodi. Ya kai shekara kusan 800 yana shan damina bai rushe ba, saboda ana komawa kansa. Idan ruwa ya ɗauke, sarki ya sa a yi gayya, kowane mai sarauta da jama'arsa suna da ɓangaren da za su gyara, a haƙo ƙasa a kududdufi, a kwaɓa, a cike inda zaizaya ta ci. Ginin ƙasa kamar gona yake: ba a gama shi, duk shekara sai an sake shiga.

Abin da ya rayu da abin da ya mutu

Idan mai ziyara ya sauko ya shiga gari da ƙafa, zai ga wannan magana a fili. Kasuwar Kurmi tana ci, ana sayar da jima da linzami da turare da littattafai. A marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take, har yanzu akwai masu tsoma turmi a baba. Gidan Rumfa na nan da sorayensa, domin sarki na ciki. Gidan Makama an mai da shi gidan adana kayan tarihi, bakan gizonsa da azararsa na nan a riƙe. Dukkansu suna da mai su, suna kuma da aikin da suke yi.

Badala ce ta rasa mai ita. Da yaƙi ya ƙare, gayya ta mutu. Wannan ya ɗebi ƙasarta ya yi tubali, wancan ya yanki fili a jikinta, aka faɗaɗa tituna, aka rushe wasu ƙofofi aka maye su da na siminti. A 2007 an sa ganuwar Kano da Dala da Kurmi da fada cikin jerin wuraren da Najeriya take neman hukumar UNESCO ta amince da su, amma takarda ba ta yin yaɓe. A wurare da yawa abin da ya rage tudun ƙasa ne kawai. Shi kansa dutsen zaizaya na cin gefensa.

Wasu suna cewa laifin ƙasa ne, wai da dutse aka yi ginin da ya tsaya. Wani ƙaramin gari a Sifaniya ya isa amsa. Albarasin yana lardin Teruwel, a kan wani tsauni da kogi ya kusa zagaye shi, mazaunansa ba su wuce dubu da ɗan abin da ya ɗora ba. A ƙarni na 11, bayan daular Ƙurɗuba ta Andalus ta wargaje, nan ne hedikwatar wata ƙaramar masarautar Musulmi ta gidan Banu Razin, ƴan asalin Barbar na arewacin Afirka. Daga baya ya koma hannun Kirista. Ganuwarsa ta dutse ce, tana hawa tsauni har ƙololuwa. Duk da haka bai tsira ba: yaƙin basasar Sifaniya na 1936 zuwa 1939 ya ɓarnata shi, matasa suka yi ta ƙaura zuwa manyan birane, gidaje suka fara zubewa.

Abin da ya ceto shi hannun mutane ne. A 1961 gwamnati ta ayyana garin baki ɗaya a matsayin gadon ƙasa, aka kafa ƙa'idar yadda za a yi gyara. Wanda zai shafe bangonsa sai ya yi da jan farar ƙasar da ake haƙowa a yankin, irin wadda kakanninsa suka yi aiki da ita, shi ya sa garin duka launi ɗaya yake. A 1996 aka kafa gidauniyar Santa Mariya, wadda take gyara tsofaffin gine-gine, tana kuma koyar da sana'ar gyaran. Kowane gidan da aka tayar ana ba shi aiki: wannan masaukin baƙi, wancan gidan tarihi, wancan wurin taro da karatu. Baƙi suna zuwa, kuɗinsu yana komawa cikin gyara. Gayyar da Kano ta bari ce aka yi wa sabon tsari.

Ba sai mun je Turai ba

A ƙasarmu ma akwai shaida. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, ta ƙasa ce, asalinta na ƙarni na 16, an sabunta ta a 1844. Itatuwan da suka fito daga jikinta matakan magina ne, a kansu ake tsayawa a yi mata yaɓe. Domin ba a daina ba, UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin gadon duniya a 2013. A Yama ta jihar Tawa, magini Falke Barmu da mutanen garinsa suka gina masallacin ƙasa a 1962, wanda ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Akwai kuma gargaɗi. A watan Agusta 2023 wani sashe na tsohon masallacin Juma'a na Zariya ya rufta kan masallata. A watan Satumba 2024 mamakon ruwa ya kayar da tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram. Daminar yanzu tana zuwa da ƙarfi, wanda ya yi jinkirin gyara kuwa ba ta jiransa.

To, mu fa? Ba mu da Dala, amma ba mu rasa abin riƙo ba. Akwai wurin da tsohuwar Maraɗi ta zauna. Akwai fadar Gobir a Tsibiri. Akwai tafkin Madarunfa da kaburburan waliyyai 99, waɗanda Nijar ta sa cikin jerin da ta miƙa wa UNESCO a 2006. Akwai zaurukan masu gari da tsofaffin masallatai da rumbunan ƙasa a ƙauyukanmu. Mafi tsada duka, akwai dattawan magina da suka san haɗin makuba, suka san yadda ake ɗaura azara da kafa indararo, kuma ƴaƴansu sun koma bulo da kwano.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma da sarakuna ba. A zagaya a rubuta gine-gine da kufan da suka saura a Safo da kewaye, da sunayensu da labarinsu daga bakin tsofaffi. A haɗa kowane tsohon magini da samari biyu ko uku, a biya shi ladan koyarwa. A ware rana bayan kaka ta gayyar yaɓe. Idan za a gina ɗakin karatu ko zauren taro, a ba maginan ƙasa aikin, domin sana'ar da ba ta ciyar da mai ita ba ta daɗewa. Ruwa ne ya raba mu da tsohuwar Maraɗi a 1945, wannan ba laifin kowa ba ne. Abin da ya saura a hannunmu yau, idan ya salwanta, mu za a tambaya.