Kabewa kayan ajiya ce, kankana kayan gaggawa

 Maganarmu yau a kan shukar bayan gida ce.

Mu 'yan hatsi mun saba da abin da ake zubawa a buhu a jira farashi. A cikin kayan miya kuwa, in ka cire busassu, babu mai haƙurin kabewa. Da kaka takan cika kasuwar 'Yankaba har a rasa mai tayawa. Idan rani ya yi nisa, sai ka ga ana yanka ta ana sayarwa yanki-yanki, don miyar taushe ba ta daina bukatarta ba. Ribar tana tsakanin lokutan nan biyu, kuma mai fili a bayan gida yana iya samunta ba tare da ya sari ko ɗaya ba.

Idan ruwa ya zauna, wajen watan 6, a haƙa rami kusa da juji ko gindin danga, a zuba takin awaki wanda ya ruɓe. Ɗanyen taki ƙona tsiro yake yi. Ƙwaya 3 a rami, in sun fito a bar 2 masu ƙarfi. A ba da taki biyu manya tsakanin rami da rami, domin yaɗonta ba ya jin magana, har kan rumbu da rufin ɗaki yake hawa. Ƙwaron da ke cin ganye tun tana ƙarama, a barbaɗa masa toka.

Ga inda mutane ke yi wa kansu asara. Furen kabewa iri biyu ne, namiji da mace. Macen ita ce mai ɗan ƙullutu a gindi, shi ne zai zama gunda. Namiji yakan riga fitowa ya kaɗe, sai maigida ya ce iri ne ba shi da kyau, ya tumɓuke. A'a, malam, dakata. Kuma ƙudan zuma ne ke kai garin namiji wurin mace da sassafe, lokacin da furen yake buɗe. Wanda ya yi feshin magani da safe ya kashe ma'aikatansa, gunda za ta yi rawaya ta faɗi. In feshin ya zama dole, a bari sai yamma.

Cikin wata 3 zuwa 4 ta nuna. Alamarta, wuyan da ya haɗa ta da yaɗo ya bushe kamar itace, farce kuma ba ya shiga ɓawonta. A yanko ta da wuyan nan tsawon ɗan yatsa, kada a fizge, kada a ɗauke ta ta nan. Wadda wuyanta ya cire, ta wurin take fara ruɓa, dillali ya ware ta a cikin kayan sayarwar yau. Sauran a bar su su sha iska kamar kwana 10, sannan a jera su a kan gadon kara cikin inuwa, kada wata ta taɓa wata. Duk mako a duba. Lafiyayya takan yi watanni.

Kankana ba haka take ba. Wata 3 ko ƙasa da haka ta isa yanka, amma ba ta ƙara zaƙi bayan an cire ta, kuma mako 2 zuwa 3 ne iyakar zamanta. Masu sari a 'Yan Lemo sun san wannan, shi ya sa mai kaya ne ke matsuwa, ba mai saye ba. A duba zaren da ke murɗe kusa da wuyanta ya bushe, cikinta da ke kwance a ƙasa ya yi rawaya. Bugun da ake yi mata da hannu, ni dai ban cika dogara da shi kaɗai ba.

Mai son kasuwar azumi sai ya ƙirga baya daga ganin wata. Azumin 2024 da na 2025 duk a watan Maris suka kama, kuma kowace shekara yana gusowa da kwana 10 ko 11, wato yana shigowa cikin sanyi. Kankana ba ta son hunturu, tsiro yakan yi nawa, don haka a ƙara mata kwanaki a lissafi. Kuma ƙwayar da aka cire daga kankanar irin kamfani mai aure ba lalle ta haifi kamar uwarta ba, gara a sayi sabon iri.