Haɗa kindirmo a gida: zafin da ake buƙata da yadda ake riƙe shi

A Rabah, Wurno da Goronyo, fura da nono abincin yau da kullum ne, kuma gidaje da yawa kan sayi madara daga ruga su haɗa kindirmo da kansu. Tsamin nono kaɗai ba ya kashe dukkan ƙwayoyin cuta. Ɗanyar madara na iya ɗauke da tarin fuka na shanu da kuma cutar bakkale, wadda ke sa shanu ɓari, a mutum kuma takan kawo zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, gumin dare da ciwon gaɓoɓi.

Zafi na farko: kashe ƙwayoyin cuta

Madara na buƙatar digiri 63 na tsawon minti 30, ko digiri 72 na daƙiƙa 15. Idan babu ma'aunin zafi, a bar ta ta tafasa ana juyawa.

Zafi na biyu: kamawa

A sauke, a rufe, ta huce zuwa digiri 42 zuwa 45, wato ɗumin da yatsa mai tsabta zai iya jurewa. Sai a zuba cokali biyu na kindirmon da aka yi da dafaffiyar madara a kowace lita. A wannan ɗumin yakan kama cikin awa huɗu zuwa takwas.

Rishon lantarki

Yana da kyau wajen tafasawa, amma zafinsa na hawa da sauka, don haka yakan ƙona gindin tukunya ya kashe ƙwayoyin da ke kama nonon. A sa robar madarar ko kwanonta cikin babbar tukunya mai ruwan ɗumi, a kunna rishon kaɗan idan ruwan ya huce, a kashe. Idan an ɗauke wuta, a naɗe tukunyar da bargo ko a sa a kula.

Kada a taɓa rishon da jiƙaƙƙen hannu, kada a yi amfani da waya mai ɓarewa, a kuma ajiye shi inda yara ba za su kai ba.

Yaushe za a je asibiti?

Wanda ke shan ɗanyen nono kuma zazzaɓinsa ya ƙi jin maganin maleriya, ko tarinsa ya wuce mako biyu, ya ga likita, ya kuma faɗa masa yana shan nonon. Bakkale na warkewa, amma maganinta na ɗaukar aƙalla mako shida.