Motar Langa-langa da Taragon Dalma

Shirinmu na musamman yau daga Wudil yake zuwa muku.

Duk wanda ya tashi a garin nan ya san daren Alhamis wayewar Juma'a: motocin shanu na kwararowa zuwa kara, tirelolin hanyar Maiduguri na gurnani a kan gada. Abin da idon yaro ya sha kallo kuwa, shi hannunsa ke ƙerawa. Da kaka ta yi, sai a samo karan dawa, a feƙe ɓawon a soka a totuwa, ga motar kara ta tashi. Wanda hannunsa ya faɗa sai ya koma langa-langa da gwangwanin madara. A farke gwangwanin, a daddake shi da dutse har ya miƙe, a yanko taya daga tsohon silifa. Yayana, Allah ya jiƙansa, ya taɓa haɗa tirela mai taya goma sha takwas, har da dogon sitiyarin waya, muka yi mako muna binsa a baya.

Amma ban taɓa ganin ɗayanmu ya ƙera tarago ba. Ina muka gan shi? Layin dogo ya iso Kano a 1911, reshen Nguru da aka kammala a 1930 kuma ya bi ta Ringim, ya bar mu da kogi da titi. Gyaɗar iyayenmu sai ta sha tafiya zuwa Kano kafin ta hau jirgi.

A Ingila da Jamus da Amurka kuwa, ba yara kaɗai ke irin wannan ƙere-ƙeren ba. Dattawa ne da furfurarsu ke haɗa ƙananan taragun kaya, su shimfiɗa musu layi a ɗaki. Kamfanin Märklin na Jamus ya fito da jiragensa masu daidaitaccen layi a 1891, Hornby na Ingila ya biyo baya a 1920. Awon da ya fi yaɗuwa shi ne HO, inda ake rage komai sau 87, faɗin layin milimita 16.5 kacal.

Kafin roba ta cinye kasuwa, a kwali ake sayar da wasu taragun, fallayen ƙarfe ko tagulla a shimfiɗe, da takardar bayani. Kai za ka lanƙwasa, kai za ka liƙe. Abin liƙin gaurayen kuza ne da dalma, yawanci kashi 60 da kashi 40, yana narkewa kafin zafi ya kai digiri 200. Nan ne gizo ke saƙar. Kana liƙa ƙofa, zafin ya bi ƙarfe ya narkar da bangon da ka gama ɗazu. Shi ya sa gwanaye ke fara da dalmar da ta fi jure wuta, su ƙare da mai saurin narkewa. Yau masu tarawa na farautar tsofaffin kwalayen nan, musamman wanda ba a taɓa haɗawa ba. Kuzar ma, ku tuna, shekara da shekaru daga Jos jirgin ƙasa ya yi ta ɗibarta zuwa teku.

To, ku leƙa rumfar mai liƙi a kasuwar Juma'a. Ya soka ƙarfe a garwashi, ya goge bakin gwangwani ya yi fes, ya ɗiga dalma, ga mazurari, ga fitilar aci-balbal. Wallahi aikin ɗaya ne. Abin da suka fi mu shi ne awo da ajiya. Su suna auna milimita, suna adana har kwalin. Mu kuwa tirelar yayana a bola ta ƙare, yau ma da 'yan jari-bola sun ɗora ta a sikeli. Abin yana yi mini ciwo har yanzu.

Iyaye, a kula fa, dalma guba ce. Ba mu manta da yaran Zamfara da gubar dalma ta hallaka a 2010 ba. Wanda ya taɓa ta ya wanke hannu kafin cin abinci, kada kuma yaro ya kai ta baki.

A Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, mai reshe zuwa Dutse. Ranar da yaran yankin nan suka fara ganin tarago da idonsu, na tabbata gwangwanin madara zai yi tsada. Kafin nan, duk mai tsohuwar motar langa-langa a zaure ko ƙarƙashin gado, don Allah ya kakkaɓe ta ya kawo mana nan tasha mu gani.