Daga Kakuri Zuwa Birane da Ƙauyukan Arewa: Yadda Ake Tsara Tafiyar Wata Guda Bisa Tafarkin Fatake

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani ne a kan yadda ɗalibi ko manazarci zai tsara tafiyar kwana 30 ta ƙasa a Arewacin Nijeriya, yana mai tashi daga Kakuri a Kaduna. An ɗora bayanin a kan dabarun fatake na dauri, wato zaɓen lokaci da yanke zango da neman mai masauki da sauraron labarin hanya, domin su ne har yau suka fi dacewa da yankin da baƙi ba su cika ziyarta ba.

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi, kuma da wannan karin magana ne Abubakar Imam ya raɗa wa littafinsa suna bayan ziyarar da ya kai Ingila a shekarar 1943. Sai dai a yau ana samun ɗalibin da ya karanta tarihin Kano da Katsina a aji, ya ci jarrabawa a kai, alhali bai taɓa hawa Dala ko ganin hasumiyar Gobarau ba. Masu yawon buɗe ido kuwa sun fi karkata ga Legas da Abuja da Kalaba, saboda haka Arewa ba ta da yalwar kamfanonin jagora da tsayayyen jadawalin motoci da baƙo zai dogara a kansu. Wanda ya yi niyyar zagaya ta dole ya zama madugun kansa.

2.0 Kakuri a Matsayin Mafari

Kakuri unguwa ce da tafiya ta haifa. A kudancin kogin Kaduna ne layin dogo da ya isa Kano a 1911 ya kafa tasharsa, kafin a mayar da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917. A nan aka buɗe masaƙar Kaduna ta farko a 1957, aka kafa masana'antar ƙera makamai a 1964, sannan kamfanin harhaɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975. Waɗannan masana'antu sun jawo ma'aikata daga kowace kusurwa ta ƙasar. Ko da yake masaƙun sun durƙushe, zuriyar ma'aikatan na nan, kuma da wuya a rasa maƙwabcin da ke da dangi a Katsina ko Bauchi ko Jos. Wannan shi ne babban jarin matafiyin da zai tashi daga Kakuri, domin tun kafin ya ɗaura kaya yana iya samun sunan wanda zai sauka a wajensa a kowane gari.

3.0 Zaɓen Lokaci

Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro kan jira ɗaukewar damina kafin su tashi, domin rafuka su janye, hanya ta bushe. Hikimar tana nan daram. Lokaci mafi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu: an girbe amfanin gona, kasuwanni sun cika, sauro ya ragu, rana kuma ba ta da zafi ainun. Abin kiyayewa shi ne hazon hunturu da ke rage wa direba gani, da sanyin asuba da ke buƙatar bargo. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Katsina, kuma a wannan lokaci ne cutar sanƙarau ta fi yaɗuwa. A tsakiyar damina kuwa ambaliya kan yanke hanyoyi, musamman a kwarin Haɗeja.

Haka nan ya kamata a duba kalandar Musulunci. Watan azumi kan matso da kimanin kwana 11 a kowace shekara, kuma a cikinsa samun abincin rana kan yi wuya. Mai son ganin hawan sallah a Kano ko Katsina ko Zariya sai ya daidaita tafiyarsa da ranakun idi, ya kuma tabbatar ba a dakatar da hawan ba a wannan shekarar.

4.0 Yanke Zango

Kuskuren da aka fi yi shi ne auna tafiya da yawan garuruwa. Fatake da zango suke lissafi, su yi tafiyar da dabba za ta iya jurewa, su kuma daɗe a inda ciniki yake. Ga yadda za a iya raba kwanakin:

Kwana 2 na farko a cikin Kaduna, domin ziyartar Arewa House, tsohon gidan Sardauna Ahmadu Bello da ya koma cibiyar adana tarihi a 1970, da majalisar Lugard, da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa. Daga nan sai tashar Kawo, a kama hanyar Zariya mai nisan kimanin kilomita 80. Zariya ta cancanci kwana 4: akwai ganuwa, da masallacin Juma'a wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, da dutsen Kufena, da Tukur-Tukur inda kamfanin Gaskiya ya zauna, da kuma Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru.

Kano na buƙatar kwana 6. A nan za a ga Dala da Gidan Makama da karofin Ƙofar Mata da kasuwar Kurmi, wadda ake danganta kafuwarta da Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499). A ware yini guda don kasuwar hatsi ta Dawanau, wani kuma don kasuwar shanu ta Wudil da ke ci ranar Juma'a. Sanin ranar kasuwa muhimmin abu ne, domin garin da aka shiga ranar da kasuwarsa ba ta ci, rabinsa aka gani. Daga Kano sai Daura, inda rijiyar Kusugu take, sannan Katsina mai Gobarau da tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922. Waɗannan biyu za su ci kwana 4.

Daga nan a komo Kano, a nufi gabas ta Birnin Kudu mai zanen duwatsu na dauri, zuwa Bauchi inda kabarin Abubakar Tafawa Ɓalewa yake, da gandun dajin Yankari mai maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki. Wannan zango kwana 5 ne. Sai Jos kwana 3, da gidan tarihinta na 1952, sannan yini guda na komowa Kakuri ta Saminaka. Jimla kwana 25 ke nan. Sauran kwana 5 ajiya ce ta ɓacin rana, don lalacewar mota ko rashin lafiya ko jinkirin neman izinin shiga fada. Mai niyyar zama kwana 4 cikakku a gari ɗaya ya tuna cewa a mazhabar Malikiyya hukuncin ƙasaru ya sauka daga kansa.

5.0 Labarin Hanya da Tsaro

Mai karatu zai lura ba a sanya Sakkwato da Argungu a cikin jerin ba, duk da Hubbaren Shehu da Wurno da gidan tarihin Kanta. Dalili shi ne hanyoyin da ke kaiwa can ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ko ta Jibiya, sun daɗe suna fama da 'yan bindiga, kamar yadda hanyar Birnin Gwari take. Ko jirgin ƙasa bai tsira ba, domin an kai wa na Abuja zuwa Kaduna hari a ranar 28 ga Maris, 2022. Zagayawa ta Maraɗi da Birnin Ƙonni zuwa Illela ita ma ta dogara ga halin da iyaka take ciki, tun bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023 da rufe iyakar da ya biyo baya. Saboda haka zangon yamma na sharaɗi ne: in labarin hanya ya yi daɗi, a musanya shi da na gabas, in ba haka ba, a bar shi sai wani jiƙon.

Ayarin fatake na da jagaba, wanda ke gaba yana duba hanya. Jagaban matafiyin yau su ne direbobin tasha da mai masaukinsa na zango na gaba. A tambaye su a safiyar tafiyar, domin labarin jiya ba ya isa. A shiga mota a tasha, a tashi da hantsi, a isa kafin la'asar, a kuma guji tafiyar dare ko da an makara.

6.0 Guzuri da Mai Masauki

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 kuɗin mota ya daina tsayawa wuri ɗaya, don haka a tambayi farashi a tasha, a ƙara kashi ɗaya bisa huɗu a kan abin da aka ƙiyasta. A raba kuɗi tsakanin asusun banki da ɗan abin da ke aljihu, a riƙe layukan waya biyu na kamfanoni daban-daban, a kuma rubuta muhimman lambobi a takarda, domin an taɓa katse sadarwa a Zamfara da wasu sassan maƙwabtanta a 2021. Katin shaida da gidan sauro da maganin zazzaɓin cizon sauro na cikin kayan dole. Ɗalibi ya karɓi wasiƙar gabatarwa daga sashensa.

Matafiya irin su Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, sun yi nisa ne da taimakon masu masauki da wasiƙun sarakuna. Al'adar ba ta mutu ba. A ƙauye a fara da gaida mai unguwa ko dagaci, a bayyana abin da ya kawo mutum, a nemi izini kafin ɗaukar hoton mutane ko fada ko makabarta. 'Yar tsaraba ta goro ko turare kan buɗe ƙofar da kuɗi ba ya buɗewa.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa nasarar tafiyar wata guda a Arewa ta rataya ne a kan abubuwa huɗu da fatake suka sani tun tale-tale: lokacin da ya dace, zango mai sauƙi, amintaccen mai masauki, da sahihin labarin hanya. Ana ba sassan Hausa da na tarihi a jami'o'inmu shawarar su riƙa shirya wa ɗalibai irin wannan zagaye, ko da a gajarce, su kuma adana rahotannin da ɗaliban suka rubuta domin amfanin waɗanda za su biyo sawunsu.